Yadda za ka gane ko tsarin koci ne ya ci wasa ko ƙafar ɗan wasa

Da zarar alƙalin wasa ya busa usur ɗin tashi, sai gardama ta rabu gida biyu. Wasu su ce koci ne bai iya tsara yara ba, wasu su ce a ƙyale koci, 'yan wasan ne ba su kai ba. Akasarin masu wannan musu sakamako suke fara dubawa, sannan su nemo dalilin da zai dace da shi. Ni ina ganin ido yana iya raba gardamar, muddin mutum ya san inda zai ajiye idon. Ga yadda nake kallo, kuma duk mai talabijin ko waya zai iya gwadawa.

Ka fara da ɗauke ido daga kan ƙwallo. Da wuya, domin kyamara ita take bi, kai ma zuciyarka ita take bi. Amma yi wannan lissafi: a cikin minti 90, lokacin da ƙwallo take yawo a fili bai cika wuce minti 60 ba, sauran ya tafi a jifa da bugun gola da jinyar rauni. Raba minti 60 ɗin tsakanin mutum 22, za ka ga kowa bai samu ko minti uku da ƙwallo a ƙafarsa ba. Duk sauran lokacin ɗan wasa tafiya yake, ko gudu, ko tsayuwa a wani wuri, kuma zaɓen wannan wuri shi ne hurumin koci. Don haka a minti goma sha biyar na farko, ƙungiyar da ba ta riƙe da ƙwallo ita za ka zuba wa ido.

Kada ka dogara da jerin da ake nunawa kafin a take wasa, 4-3-3 ko 4-4-2. Wannan zane ne a allo. Ka ƙirga da kanka idan an tsaya tsaro: mutum nawa ne a layin baya, nawa a gabansu, wa aka bari a gaba shi kaɗai. Ka duba inda 'yan baya suka ja layinsu, kusa da tsakiyar fili ne ko a bakin yadi na sha takwas. Sannan abin da ya fi duka muhimmanci, tazarar da ke tsakanin ɗan bayan ƙarshe da ɗan gaban farko. Babban fili tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68, mutum goma ba za su iya tsare shi duka ba, sai dai su takure shi. Arrigo Sacchi, wanda ya ci Kofin Turai da AC Milan a 1989 da 1990, ba ya yarda wannan tazara ta wuce mita 25. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya gamsar da manyan 'yan wasansa a wurin atisaye: ya ware mutum biyar masu tsari, gola da 'yan baya huɗu, ya ce mutum goma har da Gullit da Van Basten su zo su ci su a cikin minti goma sha biyar ba tare da wani tsari ba, kuma suka kasa. Idan ka ga ƙungiya tana matsawa tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, an yi aiki a kanta. Idan kuwa 'yan gaba sun tafi kora, 'yan baya sun noƙe, tsakiya ta zama wayam, kada ka zagi lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tsaro, don an wuce shi. An ba shi filin da ba mai iya tsarewa.

Daga nan sai tambayar da nake ganin ita ce ma'auni mafi gaskiya: abin nan da ya faru, sau ɗaya ya faru ko yana ta maimaituwa? Abin da aka shirya a wurin atisaye yakan dawo sau uku, sau biyar, sau goma a wasa ɗaya. Abin da ya fito daga baiwar mutum kuwa, yakan zo sau ɗaya ba tare da sallama ba.

Ɗauki wasan Kofin Duniya na Saudiyya da Ajantina a Lusail, ranar 22 ga Nuwamba 2022. Messi ya ci fenareti a minti na 10, kowa ya zaci ruwan ƙwallaye za a yi. Amma kocin Saudiyya Hervé Renard ya sa 'yan bayansa sun taso har kusa da tsakiyar fili sun ja layi, suna takowa gaba lokaci ɗaya duk sa'ad da aka yi niyyar zura ƙwallo bayansu. Sau goma aka kama Ajantina da satar gida a wannan wasa, ƙwallo uku aka soke mata kafin hutun rabin lokaci. Sau goma ba sa'a ba ce, shiri ne, kuma shiri mai haɗari da ke buƙatar ƙarfin zuciya. To amma dubi ƙwallon da ta ba Saudiyya nasara a minti na 53. Ƙwallo ta faɗo daga sama a gefen hagu na yadi na sha takwas, Salem Al-Dawsari ya sauko da ita, ya juya ya kauce wa waɗanda suka taso masa, ya murɗa ta zuwa can saman raga, Emiliano Martínez ya taɓa ta da yatsu amma ta shige. Babu kocin da zai zana wannan a allo. Tsarin Renard ne ya hana a yi musu nisa har wasan ya kai inda bugu ɗaya zai iya yanke hukunci, bugun kuwa na Al-Dawsari ne.

Girka a gasar Turai ta 2004 ita ce misalin maimaici mafi bayyana. Ta cire Faransa da ci 1-0, ta cire Jamhuriyar Cek da ci 1-0, ta doke Fotugal mai masaukin baƙi da ci 1-0 a wasan ƙarshe. Duka ukun da ka aka ci su, biyu daga bugun kwana. Kocinta Otto Rehhagel ya san ba shi da Zidane ko Figo, sai ya sa yaransa kowa ya manne wa mutuminsa, Traianos Dellas yana sharar abin da ya kuɓuce a baya, suka jira ƙwallon sama.

Maimaici yana tona asirin koci kamar yadda yake yabonsa. A wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan, 11 ga Fabrairu 2024, tsakanin Najeriya da Ivory Coast, Najeriya ce ta fara ci ta hannun Troost-Ekong. Tsarin 'yan baya uku da kocinta José Peseiro ya koma wa bayan wasan farko ya yi mata rana, har ta yi wasa huɗu a jere ba a zura mata ƙwallo ba. Amma a ranar, Simon Adingra na Ivory Coast ya yi ta samun ƙwallo a gefen hagu yana fuskantar Ola Aina gaba da gaba. Shi ya bugo kwanar da Kessié ya farke da ita, shi ya bugo wadda Haller ya ci ta biyu. Karon farko da aka yanke ɗan baya, ka ce an fi shi ƙafa a wannan karon. Idan aka kai karo na huɗu da na biyar ba wanda aka turo ya taya shi, laifin ya tashi daga kansa ya koma benci. Har yau abin yana ci mini rai, domin ana gani ƙiri-ƙiri ta inda ruwan ke shigowa.

Idan an ci ƙwallo, kada ka tsaya a kan maimaicin da talabijin ke nunawa, wanda yakan fara daga fasin ɗin ƙarshe. Ka mayar da bidiyon baya kamar daƙiƙa ashirin, ka nemo mutum na farko da ya karɓi ƙwallo ba kowa a kusa da shi, ka tambayi kanka me ya sa ya zama shi kaɗai. A ranar 2 ga Mayu 2009 Barcelona ta je Bernabéu ta lallasa Real Madrid da ci 6-2. Guardiola ya tura Eto'o gefen dama, Henry na hagu, ya sa Messi a matsayin lamba tara, amma da umarnin ya riƙa saukowa tsakiya. Sai 'yan bayan Madrid, Cannavaro da Metzelder, suka shiga tsaka mai wuya. In sun bi shi, sun bar rami a baya, Henry da Eto'o su faɗa. In sun tsaya, Messi ya haɗu da Xavi da Iniesta su fi 'yan tsakiyar Madrid yawa, ya juyo yana kallon raga. Ƙwallon farko ta Barcelona haka ta zo: Messi ya karɓa a wannan fili da ba kowa, ya ɗaga ta bayan 'yan baya, Henry ya ci.

A nan nake yin wani gwaji a zuci. Ka cire ɗan wasan, ka sa wani matsakaici a wurinsa, ka yi tambaya biyu. Shin shi ma zai samu ƙwallon a wannan wuri ba kowa a kansa? In eh, to wurin na koci ne. Shin zai yi abin da wancan ya yi da ita? In a'a, to abin da ya biyo baya na ɗan wasa ne. Duk lamba taran da ya sauko zai samu filin da Messi ya samu. Kaɗan ne za su juya cikin taɓawa ɗaya su auna gudun Henry.

Sai dai wasa ɗaya ba ya isa. Hujja mafi ƙarfi tana zuwa ne idan ɓangare ɗaya ya canza, ɗayan ya tsaya yadda yake, kuma kakar 2016-17 ta Firimiyar Ingila ta ba mu duka biyun a lokaci ɗaya.

A watan Satumban 2016 Arsenal ta ci Chelsea 3-0. Kocin Chelsea Antonio Conte bai sayi kowa ba bayan wannan kashi, kasuwa ma a rufe take. Ya dai koma 'yan baya uku: David Luiz a tsakiya, Azpilicueta da Cahill a gefensa. Ya ɗauko Victor Moses, wanda aka yi ta bayar da aronsa ga Liverpool da Stoke da West Ham kamar ba a san abin da za a yi da shi ba, ya ba shi gefen dama gaba ɗaya, ya hau ya sauko, Marcos Alonso kuma a hagu. Hazard ya huta da bin ɗan baya, ya matso kusa da raga. Da waɗannan mutanen dai da aka ci 3-0, Chelsea ta yi nasara a wasa 13 a jere, ta ɗauki kofi da maki 93. Moses bai wayi gari da sabuwar ƙafa ba. Huhu da gudu da ƙarfin da yake da su tun da can ne suka samu aikin da ya dace da su.

Yanzu juya ka dubi Leicester a wannan kakar dai. Shekarar da ta gabata ta ɗauki kofi da maki 81, wasa uku kacal aka ci ta. Koci bai canza ba, Claudio Ranieri ne. Tsari bai canza ba, 4-4-2 ne, a tare gida a ƙwace a jefa wa Vardy. Vardy yana nan, Mahrez yana nan, Morgan da Huth da Schmeichel suna nan. Mutum ɗaya ya fita daga cikin sha ɗayan farko, N'Golo Kanté, ya tafi Chelsea ɗin can. Kafin ƙarshen Fabrairun 2017 an sallami Ranieri, ƙungiyar tana dab da rukunin masu faɗuwa, daga baya ta ƙare ta 12. Akwai wasu dalilai, har da gajiyar Kofin Zakarun Turai da kuma yadda abokan hamayya suka daina ba su fili a baya. Amma wanda ya kalli wasanninsu ya ga ramin. 'Yan tsakiya biyu suna iya tsayawa gaban uku ne kawai idan ɗaya daga cikinsu yana aikin mutum biyu. Tsarin da aka yi ta yabon Ranieri a kansa, a kan ƙafafun Kanté yake tsaye.

Wannan shi ne abin da na fi so mai kallo ya riƙe. Idan ana maganar ingancin 'yan wasa, hankalin mutane kan tafi ga mai yanka da mai cin ƙwallo. Amma kowane tsari yana da wani mutum da in babu shi ba zai yiwu ba, kuma sau da yawa ba shi ne mai sunan ba. Ka nemo shi. Ka tambayi kanka wane aiki ne mafi wuya wannan tsari yake nema, kuma wa aka ɗora wa. Real Madrid ta sayar da ɗan tsakiyarta mai tsaro Claude Makélélé a 2003 ta kawo Beckham, alhali tana da Zidane da Figo da Ronaldo da Raúl, kuma ba ta sake ɗaukar La Liga ba sai 2007. PSG ta haɗa Messi da Neymar da Mbappé kaka biyu, duka biyun aka cire ta a zagayen 'yan 16 na Kofin Zakarun Turai, Real Madrid a 2022, Bayern Munich a 2023. Idan mutum uku ba sa dawowa tsaro, bakwai ne za su tsare filin da goma ma da ƙyar suke tsarewa. A 2025, bayan duka ukun sun tafi, kocin PSG Luis Enrique ya ci kofin da ci 5-0 a kan Inter, Dembélé yana korar gola kamar ransa ne a kai. Kada dai a ce an yi haka ba da manyan 'yan wasa ba. Vitinha da Hakimi da Kvaratskhelia da Dembélé ba ƙananan mutane ba ne, manya ne da suka yarda su yi gudu.

Haka ma Maroko a Kofin Duniya na 2022. Ana yawan ba da labarinta kamar kocinta Walid Regragui ya tsinto mutane ne a hanya ya kai su wasan dab da na ƙarshe. Tsarinsa na 4-1-4-1 ya yi kyau matuƙa, kafin haɗuwa da Faransa ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarsu, ita ma ɗan bayansu ne ya ci gida a wasan Kanada. Amma a lokacin Hakimi a PSG yake, Ziyech a Chelsea, Mazraoui a Bayern, Bounou da En-Nesyri a Sevilla, Amrabat kuma ya yi aikin da Kanté ya yi wa Leicester. Wasansu da Sifaniya kuma darasi ne a kan alƙaluman riƙe ƙwallo. Sifaniya ta riƙe ta fiye da kashi 70 cikin 100, ta yi ta zagaye a gaban katangar Maroko har minti 120 ba ci, aka fitar da ita a bugun fenareti. Riƙe ƙwallo ba ya nuna wanda tsarinsa ya yi aiki. Ka duba a ina aka riƙe ta, kuma wa ya zaɓi a riƙe ta a nan.

Ka kuma lura da tsawon gasar da kake yanke hukunci a kanta. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, shi ya sa ƙarami yake iya kayar da babba a rana ɗaya, har ma a wasa shida ko bakwai na gasar kofi. A wasa 38 kuwa, gaskiya takan fito. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya nuna cewa idan aka ɗauki shekaru masu yawa a Ingila, yawan albashin da ƙungiya ke biya shi ne ya fi komai nuna inda za ta zauna a teburi. Girkar da ta ɗauki kofi a 2004 ba ta samu zuwa Kofin Duniya na 2006 ba. Don haka kada ka naɗa koci gwani saboda dare ɗaya, kada kuma ka nemi a kore shi saboda dare ɗaya. Ka ba shi wasa biyar ko shida, ka ga ko matsala ɗaya ce take dawowa.

Inda ake ganin hannun koci tsirara shi ne bayan hutun rabin lokaci da lokacin canji. Kafin wasa ya yi mako guda yana shiri da mataimakansa, yanzu kuwa minti goma sha biyar ne gare shi. Idan aka dawo, ka sake ƙirga layukan kamar yadda ka yi da farko, ka duba gefen da ake shigowa ko an toshe shi. Idan an yi canji, kada ka tsaya a kan sunan wanda ya shigo, ka duba inda ya je ya tsaya da wanda ya matsa saboda shi.

In kana son wasa ɗaya da za ka gwada duk wannan a kansa, nemi wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 18 ga Disamba 2022, tsakanin Ajantina da Faransa, ka kalle shi daga farko. Kocin Ajantina Scaloni ya sa Di María a hagu, ba a daman da aka saba ganinsa ba, ya riƙa fuskantar Koundé, Dembélé yana dawowa taimako a makare. Ƙirga sau nawa ƙwallo ta je wannan gefe. Daga nan aka samu fenaretin minti na 23. Ƙwallo ta biyu a minti na 36, mayar da ita baya har inda Ajantina ta ƙwace, ka ga taɓawar Messi, fasin ɗin Álvarez, gudun Mac Allister, da yadda Di María ya iso shi kaɗai. Faransa ba ta buga ko ɗaya zuwa raga ba kafin hutun rabin lokaci, har kocinta Deschamps ya cire Giroud da Dembélé a minti na 41. Sannan ka lura da abin da ya canza bayan an cire Di María a minti na 64. Idan ka zo minti na 80 da 81, inda Mbappé ya ci biyu, yi gwajin nan na cire mutum a kan ta biyun, wadda ya ɗauke ta a sama kafin ta taɓa ƙasa. Sai kuma ka sake mayar da bidiyon baya ka duba su wa suka taɓa ƙwallon kafin ta iso gare shi: Kolo Muani ne aka kayar aka ba da fenaretin, Coman ne ya ƙwace ta a ƙafar Messi, Thuram ne ya ɗaga masa ita, kuma dukansu ukun daga benci Deschamps ya taso da su.